Ranar da Motata ta Turara Amarya

A Sakkwato cuta uku ce kowa ya san maganinta: basir, shawara da hayaƙin mota. Biyun farko, in ka yi ƙorafi a majalisa, za a saurare ka tukuna sannan a aike ka wurin mai saƙe-saƙi. Ta ukun kuwa ba a barin ka kai ƙarshen zance. Kana cewa "motata tana shan baƙin mai" za a amsa maka baki ɗaya: "Ringi na." Mai mota ya faɗa, mai keke ya faɗa, har wanda bai taɓa ɗaga bonet ba sai ya gyaɗa kai ya ƙara da cewa, "Sai an sauke inji."

Motata Golf 3 ce, irin wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1991, tawa ƙirar 1996. 'Yar Kwatano ce. Na saye ta a 2016, ana gab da hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a Janairun 2017. Wani Bature ya mori ƙuruciyarta a ƙasar sanyi, ni kuma na gaji tsufanta a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Ba ni da abin zargin ta. Ta kai ni Illela, ta kai ni Sabon Birni gaida tsofaffi lokacin da hanyar ke biyuwa, ta kai uwargida haihuwa tsakar dare ba ta yi gardama ba.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, idona ya koma kan allurar fetur, ban ƙara kallon komai a gaban motar ba. Sai wata rana ina shan kwana a Gawon Nama jar fitilar baƙin mai ta ƙyafta mini ido. Wannan fitila ba ta gargaɗi da wuri; in ta kama, to man ya yi ƙasa har famfo ya fara zuƙo iska. Na tsaya, na zaro sandar awo, na ga ɗan baƙi a can bakin tsininta, alhali ban daɗe da yin juye ba. Na yi ciko. Ba a jima ba ta sake nema.

Na ce yoyo ne. Da dare na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin don in ga inda zai ɗiga. Da asuba na tarar akuyar maƙwabta ta ci rabin binciken. Rabin da ta bar mini kuwa tas yake, ko ɗigo babu, ƙasan wurin ma a bushe. Ashe ba zubarwa take yi ba, sha take yi.

Majalisa ta zauna a kan lamarin bayan la'asar. Masu rinjaye suka tsaya kan ringi. Wani dattijo ya ce baki ne, don tun ranar da na sake mata fenti mutane ke yabon ta. Wani matashi ya ce duk surutu ne, a sa mata kwamfuta. Na bi shawararsa don ita ce ta yi kama da ta 'yan boko. Aka laluba aka jona, aka karɓi kuɗi, kwamfutar ta kawo ƙarar wasu wayoyi da ban san da su ba, amma ba ta ce komai a kan baƙin mai ba. Dama ba za ta ce ba. Abin da na'urorin jikin inji suka gaya mata shi take faɗa, kuma babu na'urar da ke zaune tana gadin ringi.

Daga nan sai gareji. Ba zan faɗi wanne ba, don har yanzu muna gaisawa da Ogan wurin. Ya sa aka tayar da motar, ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora tafin hannunsa a bakin. Iska na bugun hannun, fuf, fuf, fuf. Ya dube ni da idon tausayi.

"Malam, injin ga ya gaji. Ringi na."

Na ce ba ni da ƙarfin sauke inji a watan. Ya ce to a lallaɓa ta: a juye man da ke ciki, a zuba mai kauri, 20W-50, a bi shi da wani gwangwanin magani da ke zuba da ƙyar. Yaronsa ya kawo galan mai lita 5. Injin nan kusan lita 4 yake ɗauka. Yaron ya dubi sauran da ya rage a galan, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, a bar wanga ya lalace? Ai tun da sha taka yi, a ƙara mata guzuri." Ya tuntsura shi duka, ya ɗora maganin a kai. Hujjar ta yi mini daɗin ji, ga shi kuma ya kira ni Alhaji, har na ba shi na goro.

A makon ne za a kai ƙanwar uwargida ɗakinta, daga Mabera zuwa Runjin Sambo. Aka ba ni gwaggwannin amarya, aka ce motata ce za ta shiga gaba, ta amarya na biye. Bayan isha'i na tsaya ƙofar gida. Batirina ba abin yarda ba ne, kuma na gwammace komai da a tura ni a gaban surukai, don haka na bar ta tana sulo. Wanda ya san fitar da amarya ya san ba abu ne na minti biyar ba. Uba ya yi nasiha, kawu ya yi, aka nemo wata inna da ta ɓuya don kada ta yi kuka, aka sake komawa neman gafara. Duk wannan lokaci Golf tana tsaye tana gunaguni, tana tara abin da take tarawa.

Aka fito. Gwaggwanni suka cika motar da lafaya da ƙamshin humra. Na sa giya, na taka totur.

Ni ban ga komai ba, hanya fes a gabana. Sai da na dubi madubi na ga babu motar amarya, babu sauran ayarin, babu unguwar Mabera. Wani gajimare ne shuɗi-shuɗi ya tashi daga ƙasa, fitilun motoci na yawo a cikinsa. Da muka miƙe hanya ya ɗan lafa, na ce Alhamdulillahi. Muna isa shataletale na ɗaga ƙafa, na jira, na sake takawa, sai ga shi ya dawo sabo. Haka muka yi ta yi a duk inda aka tsaya. Wani ɗan kabu-kabu ya jero da ni, ya rufe hanci da gefen rawani, ya leƙo.

"Malam, kwangilar hweshin sauro anka ba ka?"

Babbar gwaggo, wadda tun aurena ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ta dafa kujerata ta baya. "Malam, in wuta ta, hwaɗa muna gaskiya mu sauka da ƙahwahunmu." Na rantse mata ba wuta ba ce. Ba ta yarda ba; salati ta yi ta yi har Runjin Sambo, hannunta na kan mabuɗin ƙofa.

Amarya ta sauka idanu jajur, hawaye shaɓe-shaɓe, tana tari. Dangin ango suka yi ta yabawa, wai an daɗe ba a ga yarinya mai jin zafin rabuwa da iyaye haka ba. Mai ɗaukar bidiyo, da ya biyo mu a babur, ya ce ba zai mayar da ko kwabo ba, shi dai ya ɗauki abin da ya gani. Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka koma gida ta ajiye mayafi. "Malam, an gode da turare."

Washegari na ɗauki kuɗin da nake tarawa na ragon layya na nufi shagunan kayan mota na Sahara. Na sayi ringi saiti guda da gaskit, aka ba ni rasit. Na kai wa Oga, aka ce ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai ya dawo. Mai facin bakin layinmu ne ya ga kwalin a kujera ya tambaya, na ba shi labari. Ya ce, "Kafin a yanka ta, kai ta wurin Baba ya gani."

Baba Bayarabe ne, amma a Sakkwato aka yanke masa cibiya, kuma Sakkwatancinsa ya fi nawa nauyi. A kan Peugeot 504 ya koyi aiki, zamanin da kamfanin Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke cika ƙasar nan da su. Garejinsa inuwar dogon yaro ce da benci da akwatin ƙarfe. Yana ganin zanen Gobirawa a fuskata ya washe baki.

"A'a! Bawana anka aiko min da sassahe?"

Na ce, "Baba, ubangidanka dai ya zo duba aikinka."

Aka yi dariya, aka gaisa. Na miƙa masa kwalin ringi, na ce ga cuta ga magani, hannu kawai nake nema. Bai ko karɓa ba.

"Hayaƙin wane launi na?"

Na ce hayaƙi dai.

"Yaushe taka yin shi? Da sahe? In ta daɗe tsaye? Ko in kana hawan tudu?"

Na yi shiru. Gaskiyar magana, mai mota shi ne na ƙarshe da ke ganin hayaƙin motarsa. Kullum yana gaba, abin yana baya, jama'ar gari ke shaƙa. Baba ya ce ai Bagobiri dama sai an nuna masa da sanda. Ya ba babban yaronsa makullin, ya ɗora ni bayan babur ɗin ƙaramin, ya ce mu bi ta a baya, kada in kalli komai sai bakin salansa.

Farar shadda na sa a ranar. Ba zan ƙara cewa komai a kanta ba.

Amma na ga abin da ban taɓa gani ba. Da aka tayar da ita, ta yi aman hayaƙi mai shuɗi, mai warin ƙonannen mai, sannan ya ragu. Da yaron ya miƙe hanya yana ba ta wuta, sai ɗan siriri. Da ya saki totur a gangara ya bar ta tana tafiya da kanta, sannan ya sake takawa, sai ta watso mana guda a fuska. Da ya tsaya ya daɗe yana sulo ya tashi, ta ƙara. Na dawo ina hawaye irin na amarya, na ba Baba rahoto, ya ce yanzu na fara zama mutum.

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatu. Baƙin hayaƙi, irin na tirelolin da ke lodin albasa, mai ne ya yi wa iska yawa, ba ruwansa da baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya washewa, wanda lagireto ke ƙafewa tare da shi, ruwa ne ke shiga silinda, galibi gaskit ya ƙone. In ka buɗe murfin mai ma sai ka ga ya yi fari-fari ya dame. Ɗan farin tururin da mota ke yi da asubar hunturu ya ɓace in ta ɗumama kuwa ba cuta ba ne. Shuɗi shi ne baƙin mai ke ƙonewa, kuma ƙofa uku yake bi ya shiga wuta: ta ƙasa, ta sama, ko ta hanci.

Ta ƙasa ita ce ringi. Kowane fistin yana da guda uku, biyu na riƙe ƙarfin wuta, na ukun yana share mai daga bangon silinda. In sun cinye, mota na hayaƙi ne lokacin da take aiki, a hawan tudu ko da kaya, ba ta fasawa, ƙarfinta kuma ya ragu. Ta sama 'yan robobi ne da ke wuyan kowane bawul, bawul sil, masu hana man da ke saman inji gangarowa. In sun bushe, mai na tsiyaya cikin dare ya taru, shi ne aman safe. In ƙafarka ba ta kan totur kuma, a sulo ko a gangara, injin na zuƙa da ƙarfi alhali ƙofar iska tana rufe, sai ya jawo man ta wuyan bawul. Kana takawa ya ƙone gaba ɗaya. Na tuna tsayuwar ƙofar gidan surukai, na ce a raina wato nasihar kawu ce ta tara mana gajimaren nan.

"Hancin fa, Baba?"

Ya tashi ya zaro sandar awo. Man ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa biyu. Ya dube ni, ya dubi sandar. "Wa yaz zuba wanga? Rijiya ta?" Tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita guda ne a yawancin motoci, in ji shi, kuma abin da ya haura na sama ba guzuri ba ne. Karanshaf ne ke dukan sa ya yi kumfa, ya fantsama inda bai kamata ba. Ya sa aka kwance ƙasa aka rage. Sannan ya cire wani baƙin tiyo da ya taso daga saman inji zuwa hanyar iska, ya miƙo mini ya ce in busa. Na busa har kunnuwana suka toshe, ko kaɗan bai wuce ba. Ya zura waya ya tono wani baƙin dasƙararren abu, tsohon mai da ƙura sun haɗu sun zama kwalta.

Ta wannan tiyo inji ke numfashi. Kowane inji, ko sabo ne, ɗan hayaƙi na tsallake ringi ya gangara ƙasa, kuma ta nan ake mayar da shi a ƙone. In hanyar ta toshe, iskar ta rasa mafita, sai ta matsa wa mai ya bi duk kafar da ya samu. Ita ce ta bugi tafin Oga, fuf, fuf, ya yanke hukunci. Ringin da ya mutu na yin haka, toshewar tiyo ma na yi, kuma tafin hannu ba ya bambance su.

Abin da ke bambancewa yana cikin akwatin ƙarfen Baba, naɗe a tsohuwar hula: geji mai agogo da ɗan tiyo. Ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan bonet bi da bi, kowanne da baƙin maiƙo a bakinsa. Ya ɗaura gejin a ramin farko, ya ce yaro ya danne totur ya murza makulli. Allura ta yi tsalle, ta yi tsalle, ta tsaya sama da 10. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu ya ɗan gaza kaɗan. Ya ce da ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, sai ya zuba cokalin mai a ramin ya sake aunawa: in allura ta tashi, ringi ne, don man ya toshe kafar na ɗan lokaci, in ba ta motsa ba, sai a nemi bawul ko gaskit. Ya kuma faɗi abin da ba kowane bakanike zai faɗa ba, cewa gejin ba ya ganin ringi na uku, mai share mai, yana iya maƙalewa allura ta nuna lafiya. "Shi ya sa za mu hwara da mai arha. In ba ta bari ba, ka kawo kwalinka."

A yi wa masu cewa ringi adalci: a garin nan sau da yawa suna da gaskiya. Ƙurar hunturu ba ta da aiki sai neman hanyar shiga inji, kuma in ta shiga ringi take ci. Baba ya buɗe gidan filtar iska ya nuna mini tawa, wadda ake bugewa a jikin taya a hure ta da iskar mai faci a mayar, har ta yage a gefe. Ya ce da na ƙara hunturu biyu da ita, da majalisa ta ci nasara. Laifin kawai shi ne yanke hukunci kafin a auna. Geji bai kai kuɗin taya ɗaya ba, amma garejin da ke da shi ba su da yawa, don sauke inji ya fi aunawa kawo abinci. Mu masu mota ma muna da namu: in bakanike ya ce matsalar ƙarama ce, sai mu ga kamar bai iya ba.

Aikin da ya biyo baya shi ne ya kusa sa ni komawa ga ra'ayin dattijon da ya ce baki ne. Baba ya buɗe saman inji, ya cire kamshaf, sannan ya aiki yaro ya sayo igiya sabuwa, irin ta shanya. Ina kallo ya fara zura ta cikin ramin fulogi, kamu bayan kamu, yana motsa baki. Na matso na ce, "Baba, in tsibbu ne a gaya mini in yi alwala." Ya ce ƙirga kamu yake yi, in ja baya. Da igiyar ta shiga, ya juya injin da sifana a hankali har fistin ya taso ya danne ta a ƙarƙashin bawul. Ita ce za ta tallafe su kada su faɗa cikin silinda in ya cire sifirin. Da wannan dabara ake canza robobin ba tare da an ɗaga kan inji ba, ba a taɓa gaskit ba. Masu kayan aiki da iskar kwamfaresa suke yi. Baba ya ce igiya ba ruwanta da ɗauke wuta.

Ya ciro roba ta farko da ɗan filaya ya sa mini a tafi. Na matsa ta da yatsa, ta farfashe kamar ƙuli-ƙuli. An yi ta ne ta yi laushi ta rungumi wuyan bawul, amma shekaru da zafin inji da na gari sun gasa ta. Takwas ne, duk haka suke. Sababbin gaba ɗayansu a tafin hannu ɗaya suka zauna. Kafin la'asar ya rufe, ya sa sabon tiyo da sabuwar filta, ya zuba mai daidai layi, ya ce in daina sayen na kwalba a bakin titi wanda ban san asalinsa ba. Ya ce kwana biyun farko za ta ɗan yi, tana ƙone wanda ya taru a salansa, kada in firgita.

Da na tambayi kuɗin aiki ya faɗi abin da ya sa na sake tambaya, don na zaci ban ji daidai ba. Ya ce ragowar sadaka ce, dama ciyar da bawa wajibi ne.

Hayaƙi ya tafi. Ba zan ce ta daina shan mai ɗungurungum ba. Tsakanin juye da juye takan nemi ɗan ciko, Baba kuma ya ce injin 1996 yana da wannan haƙƙi. Duk safiyar Juma'a, kafin in tayar da ita, nakan zaro sandar a wuri mai daidai in duba. Majalisa ta karɓi labarin da sanyin jiki, wasu har yanzu suna cewa a jira, ringin na nan tafe. Babbar gwaggo kuwa ta aiko cewa ta yafe, amma a bikin gaba a sa ta a wata motar.

Na mayar da kwalin Sahara. Mai shago ya karɓi rasit ɗin, ya juya bayansa, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu da ya ce kayan da aka saya ba a mayarwa. Layyar bana da kaji aka yi ta a gidana, in ana kiran wannan layya. Saboda haka duk mai Golf 3 da aka auna injinsa da geji aka tabbatar ringi ne, ina da saiti guda sabo fil da gaskit ɗinsa, suna saman kwabar uwargida, kuma ta ba ni wa'adi. Zan yi ragi.